Ƙaiƙayin Geron Inna

Wata ranar Asabar a tsakiyar bazara, shekarar da nake aji huɗu a firamare, Baba ya zaunar da ni a kujerar gaba ta motarsa, kujerar Inna, ya ce in kafa tafin hannuna a ramin da iskar esi, na'urar sanyaya mota, take fitowa. Shi kuma ya ɗaga murfin injin ya cusa kai ciki, gumi na ɗiga daga gemunsa. "Hadiza, ya zo?" Na ce, "Ya ɗan zo, Baba, amma ya koma." Haka esin nan yake mana kullum: ya busa sanyi kaɗan, kafin ka ce alhamdulillahi sai ya koma hucin murhu.

Motar tsohuwa ce mai ruwan toka. Mu yaran gida Gwaggo muke ce mata, don ba ta tashi sai ta yi nishi, ta yi tari, an lallashe ta. Da ita Baba yake kwaso damman gero daga gonarmu ta Sandamu, kuma a bayan gida yake ajiye ta, gindin wata tsamiya, dab da masussuka. Nan muke wasan 'yar ɓuya da carafke, nan kuma Inna take sussuka da sheƙa, ta ɗaga ƙwarya sama tana zubo gero, iska na kwashe ƙaiƙayi. In mun gilma ta gabanta sai ta ce, "Ku bar nan, 'yan nema, yanzu ku hana ni barci da susa!"

Tun bayan kakar da ta gabaci wannan bazara ciwo ya kwantar da ita. Ƙafafu suka kumbura, numfashi ya riƙa yi mata wuya, aka ce zuciya ce, sai an riƙa kai ta asibiti Katsina. Tafiyar nan, wallahi, azaba ce. In an rufe gilashi motar ta zama tanderu, in an buɗe iska mai zafi ta sarƙe ta. Ni nake zama a bayanta da mafici da jiƙaƙƙen zane, ina fifita har hannuna ya sage, ina jin yadda take jan numfashi da kyar. Ko sau ɗaya ba ta yi ƙorafi ba. Baba ne abin ya tsaya wa a rai. Na ji shi da kunnena yana ce mata, "In Allah ya yarda, tafiya ta gaba cikin sanyi za ki yi ta."

Babu abin da bai gwada ba. Aka canza fiyus, aka ɗaure bel, aka shafa kumfar sabulu a jikin bututu ana neman inda gas ke zurarewa, ba a ga ko ɗigo ba. Wani makaniki ya ce a ƙara gas, aka ƙara, abin ya ma fi lalacewa. Wani ya ce kwamfuresa ce ta gaji, Baba ya samo wata ta hannu aka ɗaura. Duk a banza. Maƙwabta har tsiya suke masa, wai wa ya ga Gwaggo da esi, ai tafiyar ma sa'a ce. Yakan yi murmushi kawai, ya koma gindin tsamiya ya kira ni in zo in kafa hannu.

Inna ba ta ga ruwan farko ba. A hanyar dawowa daga Katsina ta cika, kanta a jikin gilashi, mafici na hannuna.

Bayan an share makoki, Baba ya fito da motar zai mayar da 'yan uwanta Sandamu. Ya ce bari ya wanke ta tukuna. Ya ɗebi ruwa a bokiti ya watsa da ƙarfi ta gabanta, sai wani baƙin ruwa ya kwararo ƙasa. Ya durƙusa, ya zura kara a ɗan lungun da ke gaban lagireto, inda ido ba ya kaiwa, ya riƙa zaƙulo ƙaiƙayi dunƙule-dunƙule, ashe shi ya cushe wurin tam, iskar da esi ke buƙata ba ta da hanyar wucewa. Ya daɗe yana kallon abin a tafin hannunsa, sannan ya ce, ba da kowa ba, "Geron da ta sheƙe ne."

Da muka hau hanya, hannunsa ya kai ga makunnin esi bisa sabo. Sanyi ya zo, ya zauna, bai koma ba, yana bugun kujerar da babu Inna. Rabi, yayar Inna, ta fashe da kuka. Baba ya kashe shi, ya sauke gilashi, kuma har motar ta bar hannunsa bai sake kunnawa ba.

Yau tsamiyar nan an sare ta, masussukar ta zama shaguna, gero kuwa inji ake kai wa. Ina da motata, da na taɓa makunni sanyi ke cika ta, 'ya'yana har cewa suke ya yi yawa. Ni kuwa har gobe nakan tsinci hannuna a bakin ramin nan, ina sauraron muryar da za ta tambaye ni. Ya zo, Baba, sai dai Inna ba ta jira shi ba.