Jinin Kaji da Wainar Gwaggo

Daga Zariya

Ana kiran assalatu na fito da kulata a hannu. Ɗaliba ce ni a jami'a, muna binciken allurar rigakafin wata cuta mai kashe kaji, kuma malamina ya ce ba zan kammala ba sai na kawo jinin kajin Kano. Na hau motar Kano. A wani shinge ɗan sanda ya leƙo ya ce, "Hajiya, me ke cikin kular?" Na ce ƙanƙara ce zalla. Ya yi mini kallon tausayi, ya ce mu wuce.

Sabon Gari

Da hantsi na isa Kano, na wuce gidan Mama Ngozi, mai kiwon kaji, wadda cutar ta yi wa ɓarna bara. Ta riƙa kamo mini su da kanta tana cewa, "Ɗiba a hankali, 'yata, kar ki ƙarar musu da jini." Na jera ƙananan kwalabe a kan ƙanƙara. In suka yi ɗumi aikina ya tashi a banza, ga shi washegari za ta sayar da kajin duka.

Fagge

Gidan Gwaggo Hajara, yayar babana, na kwana. Na sabunta ƙanƙara, na ce, "Gwaggo, don Allah kar a taɓa kular nan."

"Allah ya sawwaƙe! Wa zai taɓa miki jinin kaji?"

Da safe ita ta ɗauko mini kular har bakin adaidaitar da za ta kai ni tasha, tana ta sa mini albarka.

Hanyar komawa

Mun kusa Kwanar Dangora na ji ƙamshin waina yana tashi daga ƙafafuna. Ina buɗe kular sai ga leda cike da waina mai zafi a kan kwalabena, ƙanƙarar ta fara zama ruwa. Gwaggo ba ta barin baƙo ya tafi hannu rabbana, kuma a saninta don abinci aka yi kula.

Na saki salati. Direba ya ce, "Malama, lafiya?" Ina hawaye na yi musu bayani. Ya faka ba musu, wata fasinja ta ruga ta sayo robobin zoɓo masu ƙanƙara, muka jera su kewaye da kwalaben. Wainar kuwa 'yan mota suka cinye.

Gida

Kafin azahar na isa ɗakin gwaji. Malamina ya duba ya ce jinin lafiya lau. Alhamdulillahi, Allah ya saka wa Mama Ngozi da mutanen motar nan da alheri.

Na kira Gwaggo da niyyar yin faɗa, sai ta riga ni: "Ta isa da zafinta ko? Kin rame, 'yar nan, shi ya sa na sa miki a kula."

Na share hawaye na ce, "Da zafinta ta isa, Gwaggo. Na gode."