Ganyen Shayi a Tankin Motar Gwaggo Okka

Gwaggo Okka, yayar mahaifina, ta yi rayuwarta duka a bayan ganuwar da ke tare ruwan teku, a wani ƙaramin ƙauye kusa da garin Norden. Kiwon shanu suka yi ita da mijinta, Baba Tjark, har gwiwoyinta suka gaji suka sayar da garken. Ba su haihu ba. Mace ce mai faɗin kafaɗa, marar yawan magana, wadda in famfo ya lalace a gida ba ta jiran kowa. Tun ina ƙarama nake zuwa hutu wurinsu, don gidansu ne kaɗai ba a tambayata me ya sa na yi shiru.

A shekarar da aka yi wa Baba Tjark aiki a hanji, ta sayo tsohuwar mota mai ɗakin kwana a hannun wani mutumin Bavariya, can kudancin ƙasarmu. Akwai gado a ciki, da murhu, da wurin wanka ɗan ƙarami kamar akwati. Baba Tjark ya yi aikin jirgin kamun kifi a Skagen, can ƙarshen ƙasar Danmak, lokacin yana saurayi, kuma ya daɗe yana cewa zai kai ta ta ga inda tekuna biyu ke karo da juna. Shanu ba su taɓa barinsu ba. Yanzu likita ya ce duk abin da suke son yi kada su ja shi da nisa, amma bai faɗi iyaka ba.

Gwaggo ta tsayar da tafiyar sai watan Yuni, in gari ya yi ɗumi shi kuma ya ƙara ƙarfi. Tana da hujja. Duk la'asar, har cikin tsananin sanyi, yakan ɗauki sandarsa ya ce ya tafi tattaki kan ganuwa, ba ya dawowa sai rana ta kusa faɗuwa. Mutumin da ke hawa ganuwa kullum, in ji ta, zai kai Yuni. Motar kuwa ta ajiye ta a tsohon ɗakin shanu, ta bar bakin tankin ruwan datti a buɗe bisa magudana, kamar yadda kowa ke yi da sanyi don kada ruwa ya daskare a ciki.

Na zo hutun Ista daga jami'a, na iske Baba Tjark ya kwana biyu bai fita tattaki ba. Iska ta yi yawa, in ji shi. Washegari da safe Gwaggo ta buɗe motar don ta shanya katifa, sai ɗoyi ya tarye mu tun daga ƙofa. Baƙin ruwa ya taso ya kwanta a wurin wanka. Tun bayan aikin nan wari kaɗan ke sa Baba Tjark amai, don haka ba sai an faɗa ba: in tankin bai buɗe ba, babu tafiya.

Mutumin Bavariya ta fara zagi, a hankali, tana ɗaura gyale a kai. Ta zaro akwatin da ke tara bayan gida a motar, ta same shi a bushe, wato ba daga nan ba ne. Ta kwanta a ƙasa ta ƙwanƙwasa tankin da ke tara ruwan wanka da na wanke-wanke, ya amsa da nauyi, cike yake. Bakinsa a buɗe kamar yadda ta bar shi, amma ɗigo kawai yake yi. Ta zura waya ta cikin bututu, wayar ta yi tafiya kaɗan ta cije, da ta jawo sai ga wani baƙin abu a kanta.

Ta shiga ciki ta ɗaga allon daɓen motar, ta kwance murfin tankin. Ta naɗe hannun riga, ta zura hannu har kafaɗa, fuskarta a juye gefe, yadda na sha ganinta tana yi in saniya ta kasa haihuwa. Ta fito da dunƙule mai yauƙi, ta murza shi tsakanin yatsu, ta kai shi wurin haske.

Ganyen shayi ne, haɗe da daskararren kitsen madara. Ruwa yana wucewa duk tsawon sanyin nan, ganyen yana tsayawa a bakin bututu, har ya zama toshi.

Mutumin Bavariya kofi yake sha, ba shayi ba, har tukunyarsa ya bari a motar. A wajenmu kuma ko yaro ya san ganyen shayi ba ya shiga magudana, gindin furanni ake zuba shi. Gwaggo ta miƙe ta buɗe kabad ɗin da ke saman murhu. Ga ƙaramar butar shayi da ta daɗe tana nema, ga kofin shan shayi guda ɗaya, ga gwangwanin dunƙulen sukari. A kan kujera ta gefen taga akwai bargo a ninke, kujerar ta lotsa a wuri ɗaya.

Ta zauna a kan matakalar motar, hannun nan mai datti a kan gwiwarta. Can ta tashi ta ci gaba da aiki. Ta kwashe ganyen da hannu tana zubawa a bokiti, ta dafa ruwa ta zuba da sodar wanki don kitsen ya narke, sannan ta sa tiyo daga sama. Aka jima shiru, sai bututun ya yi tari, ruwa ya ɓalle, da farko baƙi, daga baya garau. Ta wanke tankin har sai da ta sa hanci ba ta ji komai ba, ta bar tagogi a buɗe.

Da lokacin shayin la'asar ya yi, ta jera kofuna kamar kullum. Dunƙulen sukari a ƙasa, shayi a kansa har ya yi ƙara, madara a sama, ba a juyawa. Sai dai da ƙaramar butar nan ta zuba. Baba Tjark ya dubi butar, ya dubi matarsa.

"Tsoho," ta ce, "yaya ganuwa bana?"

"Tana nan inda kika bar ta."

"Yaushe rabonka da hawanta?"

Ya juya kofinsa a kan faranti. "Tun kafin Kirsimeti. Ƙafa ta ƙi."

"Shi ne ka cusa mini ganye a tanki kamar baƙo ɗan birni."

"Da na zuba a gindin furanni da kin gani. Ke ko kaza ce ta taka wurin sai kin san wacce."

Ya ce da ya faɗa mata da ta kwantar da shi tana duba shi safe da yamma kamar maraƙi marar lafiya, kuma da ta soke tafiyar gaba ɗaya. A motar yana zama ya kalli bango ya ɗauka yana hanya. Da ruwan ya taso warin ya kore shi, ya rasa yadda zai yi ya faɗa.

A gidanmu kofi uku ake sha kafin mutum ya sa cokali a cikin kofinsa, alamar ya ƙoshi. Ranar Gwaggo ta sa nata cokalin bayan kofin farko.

"Jibi za mu tafi," ta ce.

"Uwargida, Skagen da sanyi yanzu."

"Akwai bargo a motar. Ka fi ni sanin inda yake."

Ita ta tuƙa, ita da ba ta taɓa wuce birnin Bremen da mota ba. Ta ba ni labari daga baya cewa bai iya taka yashin gaɓar tekun ba, wani keken ɗaukar baƙi da tarakta ke ja ne ya kai su har bakin ruwa. Ya nuna mata layin da tekunan ke haɗuwa da kan sandarsa, ya yi ta gardama cewa a zamaninsa igiyar ruwa ta fi haka tsayi. Sun dawo gida lafiya. Ya rasu a tsakiyar Mayu.

Motar tana nan a ɗakin shanu. Gwaggo ta sa 'yar rariya a bakin magudanar wurin wanke-wanke, don yanzu ita ce ke shan shayin la'asar a can, a kujera ta gefen taga. In na zo hutu takan ɗauko mini wani kofin shan shayi daga cikin gida, don na motar guda ɗaya ne.