Kawu Bai Tsaya Ba

Bayan samun 'yancin kai na yi shekaru ina ɗaukar hoto a bakin kasuwar Funtua. Akwatin hotona mai ƙafa uku ne, sai in lulluɓa da baƙin ƙyalle in ƙirga uku. Duk wanda ya motsa kafin ukun, ya ɓata hotonsa.

Kawuna manomi ne a Gozaki, amma babban aikinsa bin wani tsohon makaɗin noma. Duk inda aka kira gayya, a garin Ƙarfi ne ko Danja, in dai tsohon zai je da gangarsa, Kawu zai bar wa ciyawa gonarsa, ya saɓa garma ya bi shi. Matarsa ta yi faɗa har ta gaji. Ni ma haushi yake ba ni.

Wata damina sai ga shi a keke, gumi sharkaf, ya ƙi ko zama. "Tashi, ɗan nan. Hannun tsohon ya fara rawa, gayyar gobe ce ta ƙarshe. So nake ka ɗauke mu tare, in riƙa ganinmu."

Takardar hoto ɗaya ta rage mini, na kuma gaya masa.

Washegari a bakin gonar gayyar na kafa akwati, na jera Kawu da tsohon. "Kawu, ko ƙuda ya sauka maka a hanci, kada ka motsa."

"Yo ni yaro ne?"

Na shiga ƙyalle. Ɗaya. Tsohon kuwa ganin an yi tsit, sai ya buga taken Kawu, kiɗan da ya yi masa shi kaɗai tun yana saurayi. Biyu. Kawu ya kurma ihu, ya ɗaga garma sama, ya daka tsalle yana kirari. Ban san lokacin da na ce uku ba.

Da na wanke hoton, tsohon ya fito tsaf yana murmushi. A gefensa kuwa wani abu ne kamar hayaƙin murhu. Na fusata, kunya ta kama ni, na cusa hoton ƙarƙashin tabarma. Duk wanda ya taho daga Gozaki sai in ɓuya.

Kafin kaka tsohon ya rasu. Kawu ya zo da kansa, ya rame. Na miƙa masa hoton, kaina a sunkuye. "Ka yafe ni, Kawu, ba ka fito ba."

Ya daɗe yana kallo, ya share ido da bakin riga.

"Na fito mana," in ji shi. "Ai tsohon bai taɓa ganina a tsaye wuri ɗaya ba."