Gwangwanin da Ya Mai da Yayana Bencin Baya

Shekara arba'in da biyar ke nan. Da ƙarfe huɗu na yamma yayana Yohanna ya cika a gidansa a Kafanchan, ni da matarsa Saratu muna gefen gado. Har yau raina bai kwanta ba, domin ya mutu yana ƙarƙashin horon ikilisiya a kan laifin da bai yi ba. Zan faɗi abin bi da bi.

Bayan yaƙin basasa, wani ɗan kasuwa Inyamuri da muke kira Oga ya dawo gari ya tayar da injinsa na tsaga katako. Yaya ne shugaban ma'aikata, ni ina cikin masu awo. A lokacin kowane falanki sai an sa masa tef, tsawo da faɗi da kauri. Motocin Kwoi da Gidan Waya sukan yini suna jiranmu, injin a kashe. Wata rana Oga ya ce, "Yohanna, wannan awo zai kashe ni. Ko ka nemo dabara, ko in rufe, kowa ya koma gonar citta."

Yaya ya taɓa jin wani injiniyan jirgin ƙasa yana cewa ba dole a auna duka ba, kaɗan daga tari ya isa. Da farko mun auna na sama kawai. Sai masu jera katako suka koma kamar masu tumatir a kasuwa, masu kyau a sama, gajeru a ƙasa. Daga nan ya canza tsari. Kowane falanki a rubuta masa lamba da alli, a rubuta lambobin a murafen kwalba, a zuba a gwangwani, a girgiza, a zaro. Lambar da ta fito ita za a auna. In an sami gajere, a sauke tarin duka. Aiki ya yi sauri, ba a sallami kowa ba.

Amma ma'aikata sun mai da abin wasa. Ana girgizawa suna ihu, "Tawa ta fito!" Masu wucewa suka ji, magana ta kai majami'a cewa Yohanna, dattijon ikilisiya guda, ya buɗe caca.

Aka kira shi gaban dattawa, na raka shi. Baba Bitrus, babbansu, ya ce, "Ɗan'uwa Yohanna, mai bi ba ya barin aikinsa a hannun sa'a."

Yaya ya ce, "Baba, in Mama uwargidanka tana miya, tukunyar duka take shanyewa kafin ta san gishiri ya ji?"

"Mama ba ta girgiza gwangwani."

"Ai tana juyawa da ludayi kafin ta ɗanɗana, Baba."

Wasu suka yi dariya, Baba Bitrus bai yi ba. Aka ce ya zaɓa: ya yar da gwangwanin, ko ya sauka daga dattawa, ya koma bencin baya, ba cin jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da masu bi ke tarayya a kai. Ya dubi magidantan da ke ci daga injin, ya zaɓi bencin. Kowace Lahadi shi ne farkon zuwa. A can yake zama har ciwo ya kwantar da shi.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Mai sayen citta yakan soki buhu nan da can ya yanke farashi, ba wanda ya kira shi ɗan caca. Jikokinmu kuwa suna cacar ƙwallo a waya, wasu ma a cikin sujada. Na san ba zai yi dariya ba. Zai tambaya ne wa ke tsawata musu.

Injin ya daɗe da mutuwa. Abin da ya rage na Yaya shi ne 'ya'yan ma'aikatan da suka yi makaranta da albashin wurin, da kuma horon da ba a ɗage ba. Na je gaban dattawan yanzu, sun ce bakin ƙane kaɗai bai isa shaida ba.

Saboda haka, mai karatu, in ka yi aiki a injin Oga, ko mahaifinka ya ba ka labarin gwangwanin, ka neme ni a majami'armu bayan sujada. Ka zo ka faɗa wa dattawa abin da ake zarowa da dalilinsa. Saratu ta tsufa ƙwarai, ina so ta ji an ɗage horon da kunnenta.