Barden Da Ya Ƙi Cire Ƙafa Daga Likkafa

Wata rana, can zamanin mashi da sulke, wani barde mai suna Jatau ya dawo daga yaƙi da mutum guda rungume da likkafar sirdinsa.

Ku gyara zama. Irin wannan labarin ba a aji ake samunsa ba, sai a shafina.

A garinsu Jatau akwai wata al'ada: duk abokin gaban da ya yar da makami ya kama likkafar barde, to ya shiga amana. Ba mai taɓa shi muddin ƙafar barden na cikin likkafar. In Sarki ya ce ya yafe, shi ke nan. In bai ce ba, amanar ta ƙare da zarar barde ya cire ƙafa.

Mutumin sunansa Nomau. Manomi ne aka ɗora wa baka aka tura yaƙi. Tsautsayi ya sa kibiyarsa ta kashe baƙin dokin da Sarki ya fi so.

Doki fa, jama'a. Ba ɗa ba, ba ƙane ba.

Jatau ya tsaya a ƙofar fada ya roƙi a yafe. Sarki ya yi murmushi, ya ce ai shi ba ya karya al'ada, ba wanda zai taɓa Nomau. Sarkin ya sa aka shimfiɗa kilishi a inuwa ya zauna, aka dama masa fura, dogarai suka zauna suna wasa takobi.

Jiran saukowar Jatau kawai ake yi.

Rana ta take. Sulke ya yi zafi kamar tanda. Gumi na shiga masa ido, ga Nomau a ƙasa ya ƙanƙame ƙarfen nan har yatsunsa sun sandare.

Abin da ya fi ci wa Jatau rai ba ranar ba ce. Shi ne ya taɓa ɗauko Sarkin nan a kafaɗa daga tsakiyar kibau. Tabon kibiyar da ta sami Jatau a ranar yana nan a haƙarƙarinsa. Yau ga shi ana shan fura ana kallonsa kamar ɗan wasan kura.

Masu shawara kuwa, kun san ba sa ƙarewa. Wasu suka raɗa masa ya ɗauki Nomau a bayan doki ya zabura, sarkin ƙetare zai karɓe shi hannu biyu. Wasu suka ce ya sauko kawai, me ya haɗa shi da wani manomi da ko sunan ubansa bai sani ba.

Duk suka ƙara masa takaici. Tun yana saurayi ya rantse ba zai bar Sarkinsa ya koma wa wani ba. Ɗazu kuma ya ce wa Nomau kada ya ji tsoro. Wace maganar zai haɗiye?

Da la'asar doki ya fara tangaɗi. In ya faɗi, zance ya ƙare.

Sarki ya ajiye ludayi.

"Jatau, ni da wannan talakan, wa ka zaɓa?"

"Ranka ya daɗe, ranar da ka ga na saki wanda ya kama ƙafata, kai ma kada ka ƙara barina a bayanka."

Sai ya zaro wuƙa ya yanke igiyar likkafa. Ya warware rawaninsa ya ɗaure ƙarfen tamau a ƙafarsa. Sannan ya sauko.

Ƙafa na cikin likkafa.

Dogarai suka kalli Sarki. Sarki ya kalli furarsa.

Kuna zaton an yi masa kirari? Ina! Aka ƙwace dokinsa, aka tuɓe masa sulke, aka ba wani sarautarsa ta Barde, wani da bai taɓa jin warin yaƙi ba.

Jatau ya ci gaba da zuwa gaisuwa fada kowace safiya, yana jan ƙafa, ƙarfe na ƙara, yara na binsa suna kwaikwayon tafiyarsa. Da ƙarfen yake kwana, da shi yake wanka. Sarki bai taɓa cewa ya yafe ba, shi kuma bai taɓa fasa gaisuwa ba.

Nomau ya yi noma, ya yi aure, ya ga jikoki, ya mutu a kan tabarmarsa.

Ranar da aka binne shi Jatau ya kwance likkafar. Ƙafar ta riga ta lanƙwashe, ba ta ƙara miƙewa ba.

Darasi: Riƙon amana ba ya zuwa da tafi, wani lokacin ma da ɗingishi yake zuwa. Kuma in Allah Ya ba ka mutum irin Jatau, kada ka gasa shi a rana saboda mataccen doki.

Ku tura wa wanda ya taɓa tsaya muku alhali ba ku da abin biyansa. Wanda ya kwafe bai sa sunana ba kuwa, ina ganinsa.