Juma'ar da Gida Ya Kulle Mu

Shekarar da na gama ginin gidana a Birnin Kudu, kaina ya ɗauki zafi da kayan zamani. Na sa aka zo daga Kano aka haɗa komai da wata 'yar na'ura da ba ta fi tafin hannu ba: fitilu, fankoki, injin ruwa, har get ɗin gida da ƙofofin ciki. Daga wayata nake ba su umarni. In na yi baƙo, sai ya gaji da kallon fitila tana mutuwa tana kamawa kafin na tuna a kawo masa ruwa.

Kada a ce ban yi tanadi ba. Mai haɗin ya gargaɗe ni cewa na'urar nan takan mutu ba sallama, sai na sayi ta biyu, aka kwafe mata duk tsarin, na adana ta a sito. Na yi ta cika wa abokaina baki a tashar mota cewa ni mutum ne mai hangen nesa.

A daminar ne na samu na shawo kan Baba ya baro garinmu Zandam ya zauna wajena. Ƙafa ta fara damunsa, asibiti kuma ya fi kusa da ni. Da ƙyar ya yarda, ya ce zai gwada ya gani. Ina tsananin son ya zauna, kullum fargabata kada wani abu ya ɓata masa rai.

Ranar wata Juma'a da hantsi aka yi ruwa da tsawa. Da aka ɗauke, Baba ya yi wanka, ya sa babbar riga, ya ɗauki sandarsa ya tsaya a bakin get. Na danna waya, shiru. Na sake dannawa, na girgiza ta, har hura mata iska na yi. Tsawa ta kashe na'urar.

Na ce, "Baba, kwantar da hankalinka, ai na shirya wa irin wannan rana."

Na nufi sito da taƙama. Sai da na kama hannun ƙofar na tuna ita ma na'urar ce ke buɗe ta, kuma makullin get na hannu yana can ciki tare da ta biyun. Katanga kuwa ni da kaina na sa aka kewaye ta da waya mai ƙaya.

Muna tsaye muka ji liman ya fara huɗuba ta lasifika. Na kira mai walda, ashe ya riga ya shiga sahu. Na dawo ina dukan ƙofar sito da taɓarya, gumi har cikin ido. Da aka sallame, Baba ya shimfiɗa darduma a tsakar gida ya yi azahar raka'a huɗu. Kunya ta kusa kashe ni.

Da la'asar mai walda ya zo da tsani, ya yanke wayar katanga ya shigo, ya yanka ƙofar siton, na jona ta biyun, komai ya dawo daram. Na zo da murnata na gaya wa Baba.

Ya ce, "Madalla. Gobe ka mai da ni gida. Tun da na balaga, ciwo kaɗai ya taɓa hana ni Juma'a."

Na sa wa get sakata irin ta kowa, na roƙe shi, na tura ƙannensa su roƙa mini, duk da haka ya koma Zandam. Ya ci gaba da zuwa asibiti, yana biyowa ta wajena mu gaisa. Amma har ya rasu, a ƙofar gida daga waje yake sa a shimfiɗa masa tabarma.