Tambayar da Tahira ta kai wa Malama

Tahira 'yar Jiratawa ce, kuma zogale ne sana'arta. Mijinta Barmo ke nomawa a filin ban-ruwa, ita kuma ta tsinke, ta dafa, ta kwaɗa da ƙuli da albasa, ta hau kabukabu da robarta zuwa unguwar Sabon Gari a Maraɗi. Kafin azahar ta sayar ta juyo gida, inda 'ya'yanta mata biyu ke jiran ta.

Ba ta daɗe da haura shekara talatin ba jini ya fara rikice mata. Ya zo ba lokacinsa ba, ya ɗauke, ya dawo, wani sa'in bayan ta kwana da mijinta. Babu inda ke mata ciwo, shi ya sa ba ta ɗauke shi cuta ba. Salla ce ta dame ta. Ta rasa ranar da take da tsarki da ranar da ba ta da shi, ga azumi yana ƙaratowa.

Cikin masu sayen zogalenta akwai Malama Fatimatuzzahra, wata dattijuwa da ke karantar da matan aure a gidanta a unguwar Zariya, nan cikin Maraɗi. Wata rana Tahira ta kai mata kwaɗo har gida, ta yi ta kewaye-kewaye, sannan ta faɗi abin da ya kawo ta.

Malama ta yi mata bayanin wanka da alwala dalla-dalla. Sai ta ce, "Tun yaushe kike ganin sa?"

"Tun kafin damina, Malama."

"Da wani ruwa mai wari?"

Tahira ta sunkuyar da kai.

"'Yata, a littafi ma sunansa jinin ciwo. Na ba ki amsar salla, saura ta ciwon, ita kuwa ba a wurina take ba." Ta jawo hijabinta. "Bar robar nan, tashi mu je."

Ungozomar asibiti ta duba ta, fuskarta ta canza, ta tura ta wurin lokotoro, wato likita. Aka ɗebi ɗan nama aka aika gwaji. Da sakamako ya fito aka ce sankarar bakin mahaifa ce.

"Ni da nake jin ciwon tsofaffi ne," in ji Tahira.

Lokotoro ya ce yana kama mata sa'o'inta, da waɗanda ba su kai ta ba. Nata dai bai bazu ba tukuna, in aka cire mahaifar akwai kyakkyawan zato.

A gona ta sami Barmo yana buɗe wa ruwa hanya. Ta faɗa masa tana kallon ƙasa, don ta san ya daɗe yana addu'ar samun ɗa namiji. Ya bar ruwan ya cika fangali har ya fara malala.

"Mahaifar kaɗai za su cire?"

"Haka suka ce."

"To, su cire. Ke dai su bar mini ke."

Wadda ta ƙi ita ce mahaifiyarta. Ta taso daga Tibiri da ƙullin saiwoyi, tana rantsuwa cewa ciwon daji ba ya son ƙarfe, in aka taɓa shi da wuƙa haukacewa yake yi. Tahira ta jiƙa saiwar ta sha a gabanta. Ta ce, "Inna, na sha naki. Ki yi mini addu'a in je in karɓi nasu." Tsohuwar ta yi kuka, amma ranar tafiya Yamai wurin aikin ita ta riga kowa shiga mota.

An yi aikin, Tahira ta dawo a rame. Jiki ya warke kafin zuciya. Ranar da maƙwabciyarta ta haihu, ta je barka, aka miƙo mata jariri, ta rungume shi ta yi masa addu'a, ta koma ɗaki ta rufe ƙofa. Sai washegari ta fito.

Yanzu ba ta ɗaukar kaya mai nauyi. Ƙanwarta Safiyatu ke kai zogalen gari, ita tana dafawa a gida. Safiyatun ma sai da Tahira ta tasa ta gaba zuwa awo, aka ce lafiyarta lau.

Likitoci ba su ce mata an gama ba. Sun ce ta riƙa zuwa ana dubawa. In ranar ta matso, abinci ba ya shigar mata, takan yi wa yara faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Barmo yakan aro babur, ya ɗauke ta, ya bi hanyar Maraɗi a hankali yana kauce wa ramuka.